Ɗakin ɗinkina da aikin ɗigo-ɗigo, ga inda aka kwana

Asabar, 4 ga Janairu

Toh yau dai na fara. Ƙaramin ɗakin da nake ajiye keken ɗinki da tarkacen yadi ya isheni da farin nan nasa fat, in na zauna ciki sai inji kamar layin ganin likita nake. Tun bara nake cewa zan masa ado ina ɗagawa, kuma abin da raina ya kwanta dashi shine ɗigo-ɗigo, irin na asali ɗin nan, da'ira masu girma ɗaya a jere reras akan fili mai kala ɗaya. Ba fulawa, ba layi-layi, ɗigo zalla.

Abin da nasa a gaba: bangon da yake kallon ƙofa, labulen taga, rigunan filo biyu, tukwanen fulawa uku, kwalaben da nake zuba maɓallai da fil, sai kwalayen ajiya. In da sauran ƙarfi a haɗa da hular fitila.

Ƙanwata da taji lissafin dariya tayi, wai "Yaya wannan ai aikin yini ɗaya ne, ɗigo ne fa, ko yaro ya iya." Na rubuta maganarta anan ne saboda ranar da zan karanto mata.

Yau awo kawai nayi. Faɗin bango santimita 322, tsayi 253.

Lahadi, 5 ga Janairu

Gwaji akan tsohon kwali. Na tara duk abin da yake da baki zagaye a gidan nan, robar goge rubutu ta gindin fensir, murfin kwalba, toshiyar kwalba, tsinken sakace, kan ƙusa, audugar goge kunne, da soso da na yanke da almakashi. Kowanne na dangwala a fenti na buga layi guda.

Gindin fensir shine zakara, in dai sabo ne ba'a taɓa goge komai dashi ba, ɗigonsa wajen milimita 6 kuma bakinsa tsaf. Murfin kwalba zobe yake bayarwa, tsakiyar ba komai. Audugar kunne ɗigo uku na farko lafiya, daga nan sai ta fara gashi. Soson da na yanke kuwa ba da'ira ya fito ba, wani abu ne mai kama da ƙwai da aka zauna akai.

Abu biyu na gane a hannu. In ka dangwala sau ɗaya ka buga ɗigo huɗu to kowanne ƙanƙanta yake akan na bayansa, dole kowane ɗigo da dangwalarsa. Sannan a sauke a miƙe a ɗaga a miƙe, da ka murza ko ka karkata hannu shikenan ya yi wutsiya.

Amma babban abin da ya bani mamaki ba wannan bane. Na cika rabin kwali da ido ba awo, ina cewa ai ido ba mudu ba ya san kima. Da na jingina shi a bango na ja baya taku huɗu, wlh kamar ƙyanda ta fesowa kwalin. Kowane ɗigo in ka kalleshi shi kaɗai ba laifi, amma tazarar ce ta watse, nan a matse can a buɗe, kuma idon mutum can yake fara zuwa. Ashe abin da ake kallo a wannan zanen filin da yake tsakanin ɗigon ne.

Laraba, 8 ga Janairu

Ba aiki yau, bacci ne ya ƙi zuwa sai na hau karance-karance akan zanen. Sunan da Turawa suke kiransa dashi, polka, ashe sunan rawa ne. Rawar ta fito daga Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, a shekarun 1830, ta shiga Faris wajen 1840 mutane suka haukace mata, 'yan kasuwa kuma suka dinga liƙawa kaya sunan don su shiga. Hula polka, riga polka. Duk sauran sun bi ruwa, ɗigon ne kaɗai ya riƙe sunan, kuma ya fito a wata mujallar mata ta Amurka tun 1857. Rawar da zanen ba abin da ya haɗasu sai talla.

Faransawa da ƙwayar wake suke kwatantashi. Wanda ya fi burgeni na mutanen Sifen ne, lunares suke cewa, kalmar da suke kiran tawadar Allah ta jikin mutum da ita, kuma shine zanen da ake yawan gani a rigunan masu rawar filamenko. Har a tseren keken Tour de France, tun 1975 wanda ya fi kowa iya hawan tudu farar riga mai jan ɗigo ake sa masa.

Wani abu da ya kwantar min da hankali, zanen bai yaɗu sosai ba sai da injinan buga yadi suka zo, don jera ɗigo daidai wa daida da hannu wahala ne tun fil azal. Kenan ba ni kaɗai bace kwalina ya yi ƙyanda.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar lissafi, wanda ba ya son lamba ya tsallake.

Jeri iri biyu ne. Akwai wanda kowane ɗigo yake zaune a saitin na samansa, kamar takardar lissafi ta 'yan makaranta, wannan a bango yana da tauri, kamar sojoji a fareti. Akwai kuma wanda layi na biyu yake gocewa da rabin tazara, sai kowane ɗigo ya faɗa tsakiyar biyun da suke samansa. Shine wanda muka saba gani a yadi kuma shi na zaɓa.

Dabarar itace kar ka zaɓi tazara da ka sannan ka je ƙarshen bango ka tarar da ragowar da bata kai ba. Raba faɗin bangon zakayi. 322 in an raba 14 ya bada 23 cif. Da farko na tsara ɗigo mai faɗin santimita 6, tazara 23 a kwance, tsakanin layi da layi 11.5. Na zauna na ƙirga, layi 21, cikakkun ɗigo 284 da rabi-rabi 20 a kusurwa. Bugu 304 kenan, kuma kowanne sai an masa shafi biyu aƙalla. Na ajiye biro na kalli silin.

Sai na ninka komai. Tazara 46 a kwance, wato 322 raba 7, layi da layi 23, kuma Allah ya taimakeni 253 ma ya rabu da 23 sau 11 ba ragowa. Ɗigon na maidashi santimita 10. Yanzu layi 10 ne, biyar masu ɗigo 7, biyar masu ɗigo 6 da rabi a kowane gefe. Cikakku 65, rabi 10, duka 75. Wannan mutum zai iya.

Rabin ɗigon nan na kusurwa Abban yara ya ce in barshi mana, wa zai lura. Nace a'a, shine yake sa bangon ya zama kamar an yanko shi daga babban yadi, in babu sai kaga kamar an tsorata da kusurwa an ja baya. Kuma abin mamaki duk girman ɗigon nan kashi 7 cikin 100 na bangon kawai fenti zai rufe, ƙaramin gwangwani ya isa har da saura.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kafin fenti ya taɓa bango na yanko da'ira 20 a takarda mai kala na manna da salatif ɗin masu fenti, wanda ba ya ɗago fentin ƙasa. Na barsu yini guda ina shiga ina fita ina kallo. Da safe ruwan ɗorawa ya min kyau, da yamma ma haka, shuɗin da na gwada a gefe kuma da rana ta faɗi sai ya koma kamar ramuka a bango. Ruwan ɗorawa ya ci.

Wajen sa alama na kusa tafka kuskure. Na fara auna kowane layi daga ƙasa, ashe daɓen ɗakin ba daidai yake ba, gefen taga ya fi gefen ƙofa tudu da kusan santimita 2. Da na bi shi da duk layukan sun gangara. Na goge, na ɗaure makulli a bakin zare na rataya daga sama ya bani miƙaƙƙen layi a tsaye, na kwance kuma na duba da manhajar waya mai nuna daidaito, daga wannan gicciyen na tsakiya na auna komai zuwa gefe-gefe. Alama 75 da fensir, 'yar ƙaramar gicciye a tsakiyar kowane ɗigo. Ɗaya ya faɗa daidai kan soket, zan yi shi a haka soket ɗin ya cinye abin da zai cinye, in na matsar dashi layin ne zai karye.

Wuyana ciwo yake.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yanka sitansil, wato roba mai ramin da'ira da ake ɗorawa a bango a shafa fenti ta cikin ramin, daga tsohon fayil ɗin roba, kamfas ɗin lissafi na buɗe santimita 5 na zana, na bi da sabuwar reza a hankali, inda bakin ya yi ƙaiƙayi na goge da abin gyaran farce. Guda uku nayi don in ɗaya ya jiƙe in ɗauki wani. A gefen kowanne na ja layi huɗu da maka, sama ƙasa dama hagu, su nake saitawa da alamar bango.

Ɗigon farko na fara shi a ƙasa can bayan inda tebur zai zauna, kuma gara da nayi hakan. Na cika soso da fenti na danna, da na ɗaga robar fentin ya kutsa ta ƙarƙashi ya yi gemu ta ko'ina. Na biyu ma haka. Na uku na rage fenti ya ɗan yi dama-dama amma bakin ba kaifi.

Maganin da ya yi aiki: bayan an manna sitansil, a fara bin bakin da'irar da fentin bangon kansa, wato farin, a barshi ya sha iska. Duk wata kafa da fenti zai bi ya shiga, farin ya riga ya toshe ta, kuma ko ya kutsa fari ne akan fari ba mai gani. Sannan a kawo kalar. Soson ma sai an buga shi akan takarda har ya kusa bushewa, a dinga dangwalawa daga baki zuwa ciki, banda gogawa. Robar kuma a cireta tun fentin da ɗan danshi, in ya bushe ƙarau tare zasu taso.

Ruwan ɗorawa ɗin nan kuma ashe bashi da rufi, shafi ɗaya kamar an zuba ruwan wanki, biyu ana hango farin ƙasa, sai na uku yake zama. Ba wanda ya gaya min. Tsakanin shafi da shafi minti 20 zuwa 30, shi yasa nake aiki da sitansil uku a tare, ina wannan wancan yana bushewa.

Ƙanwata tazo taya ni, ta riƙe tsani ta goge bayan roba. Bayan awa uku mun yi 22. Tace "Yaya wai saura nawa?" Na buɗe waya na karanto mata maganarta ta 4 ga wata. Batace komai ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wasu 26, jimla 48.

Akwai ɗaya a layi na huɗu da bakinsa ya ɗan karkace ta hagu, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ɗauki ƙaramin buroshi in gyara, na cike nan sai can ya zama kamar ya shiga, na cike can sai ƙasa, kafin in ankara ɗigon ya kai santimita 11 da wani abu yana hararar 'yan uwansa. Garin neman gira an rasa ido. Dole na shafe shi da fari shafi uku, gobe in sake. Daga yau in gyara ya taso da farin nake gyarawa daga waje, ba da kalar daga ciki ba.

Ina saman tsani na tuna da Damien Hirst, ɗan Ingilan nan da ya fara zanen ɗigo tun 1986, shi ƙa'idarsa tazara daidai take da faɗin ɗigon kuma kala bata maimaituwa a zane ɗaya. Ya yi sama da dubu, amma fa yawancinsu ma'aikatansa ne suka zana. Ni ma'aikaciyata ɗaya ce kuma yau tace kanta na ciwo.

Alhamis, 23 ga Janairu

Bango ya kammala, 75 cif. Rabi-rabin kusurwa sun fi bani wahala, sai da na lanƙwasa roba ɗaya biyu na sa salatif a ɗaya bangon. Na goge ragowar fensir. Na zauna a ƙasa na kai minti goma ina kallo kawai, gsky yayi kyau.

Asabar, 25 ga Janairu

Tukwanen fulawa da kwalabe. Na ɗauka hutu ne bayan bango, ashe su ma da nasu salon.

Tukunyar ƙasa tana shan ruwa, in ka shuka abu kana ban ruwa danshin yana ratsowa ta jiki ya kumbura fentin waje ya ɓare shi. Don haka sai da na shafe cikin da banish, man nan da ake shafawa katako ya hana ruwa shiga, shafi biyu jiya, yau na yiwa wajen fari. Matsalar jerin kuma itace tukunya sama faɗi ƙasa tsuke. Na zagaya zare a sama ya bani 48, a ƙasa 32. In kace tazara ɗaya zaka riƙe ko'ina to layukan zasu murɗe, sai ka zagayo baya ka tarar da ɗigo biyu sun yi karo. Abin da nayi, kowane layi ɗigo 8, tazarar ce take raguwa da kanta, sama santimita 6 ƙasa 4. Ba ma sai da rula ba, ka yanki zare daidai zagayen, ka ninka biyu sau uku, ka sa maka a kowane lanƙwasa, ka mayar jikin tukunya ka kwafe. Toshiyar kwalba nayi amfani da ita anan, da shuɗi mai duhu.

Kwalba kuwa fentin akirilik da na gwada ya bushe lafiya, amma da na sa farce sai ya taso kamar fatar albasa. Na wanke, na goge kwalbar da sifirit don maiƙon hannu ya fita, na koma jan farce. Kan ƙusa na dinga tsomawa. Ya kama gam, sai dai yana saurin kauri a faranti, ɗan kaɗan zaka dinga zubawa in ba haka ba ya fara jan zare. A buɗe taga, warin ba wasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Labule. Yadin auduga ne shuɗi mai duhu, zan sa masa fararen ɗigo ƙanana. Na wanke shi tun shekaranjiya don sabon yadi yana zuwa da wani sitati da yake hana fenti kamawa, kuma in zai tsuke gara ya tsuke tun kafin ɗigo ya hau. Na goge, na shimfiɗa a tebur da leda a ƙasa, na kama gefuna da salatif don kar ya motsa.

Ba zan iya sa alama ɗaya-ɗaya ba anan, ɗigon sun fi ɗari biyar. Na samu kwali na huda ramuka a jeren da nake so, tazara santimita 8, in ɗora in shafa allin tela ta ramukan in matsar gaba, layin ƙarshe na baya shi nake saitawa da layin farko na gaba. Sai gindin fensir da fentin yadi. Farin ma sai wanda aka yi don yadi mai duhu, na farkon da na gwada a ƙyalle da ya bushe shuɗin ya shanye shi ya koma ruwan toka.

Wani abu da ban lissafa ba sai da na rataya rabin da na gama in gani. Labule ai tattarewa yake, faɗinsa ya ninka na taga, toh da ya tattare sai ɗigon suka matso juna ta kwance, ta tsaye kuma suna nan yadda suke. Abin da na tsara a shimfiɗe ba shi ido yake gani a rataye ba. Bai ɓaci ba, amma da na sani da na buɗa tazarar kwance ta kai 10 ko 11. Haka zan ƙarasa, ba zan canza a tsakiya ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau nayi ɓarna. Nace bari in gwada ɗigo da bilic akan baƙin yadi don rigar filo, ba fenti ba guga, a ganina sauƙi kenan. Na sa safar hannu na buɗe taga, na tsoma audugar kunne na ɗiɗɗiga.

Na ɗaya, ba fari ya fito ba, ruwan tsatsa ne. Na biyu, ruwan yana bin zaren yadin yana tafiya, ɗigon da na sa santimita 1 ya kusa 2 kuma bakinsa yayi gashi-gashi kamar tauraro. Na uku, waya ta ɗauke min hankali na barshi ya jima kafin in ɗauraye, da na wanke na matse guda biyu suka huje. Bilic cin auduga yake in ya zauna. Na gwada a wani ƙyalle mai haɗin roba shi kuma ko gezau.

Wanda zai gwada ya tsarma da ruwa, ya tsaya akai, kala na juyawa ya ɗauraye da ruwa mai yawa, kuma kar a kuskura a haɗa shi da wani maganin wanki, iskar da yake tashi guba ce. Ni dai na haƙura, yadin ya zama tsumman goge buroshi.

Labule ya cika awa 24, na goge shi ta baya da dutsen guga mai zafi ba tururi, da ƙyalle a tsakani, kowane waje minti 3 zuwa 5. Wannan gugar ce take sa fentin ya zauna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Filo na koma sana'ata, ɗinki. Na yanka kwali mai tauri da'ira santimita 7, yadin kuma 9. Sai in bi bakin yadin da allura, ɗinkin nan na shiga-fita wanda in ka ja zaren yake tattarewa, in sa kwalin a tsakiya in ja, yadin ya rungume kwalin bakin ya fito sumul ba kwana ko ɗaya. In danne da dutsen guga, in zare kwalin, in ɗinke akan rigar filon da hannu. Guda tara a filo ɗaya. Duk cikin aikin nan wannan ne naji daɗinsa, ba wari ba tsani, ina zaune ina jin rediyo.

Da na gama na shigo da komai ɗakin, labule a taga, tukwane, kwalabe, filo. Sai Umma ta leƙo, ta tsaya bakin ƙofa ta kalli nan ta kalli can tace "Ke 'yar nan, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya ganta, amma ke naki zabin sun yi yawa a ɗaki ɗaya." Naji haushi a lokacin, amma da ta tafi na zauna na duba gaskiyarta ne. Ido ba inda zai huta, ko'ina tsalle yake.

Na fara ragewa. Filo na biyu ba zan sa masa komai ba, ruwan ɗorawa zalla. Tukunya ɗaya na juya na sake shafe ta shuɗi ba ɗigo. Kuma na lura waɗanda suke faɗa da juna masu kusan girma ɗaya ne, filo mai 7 a jikin bango mai 10 kamar kishiyoyi, amma labule mai ƙananan ɗigo kusa da bangon lafiya lau suke zaune, don daga nesa ƙananan narkewa suke su zama kamar saƙar yadin. Na maida filon kujerar da take ɗaya gefen inda bangon fari ne, nan take ya samu kansa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kwalayen ajiya, da dabarar juyi. Maimakon in ɗiga fenti, na fara shafe kwalin fari, ya bushe, na manna sitika masu zagaye irin na ofis a jere, na murje bakinsu da bayan cokali, na bi duka da shuɗi. Kafin ya gama bushewa na ɗaga kowace da bakin fil. Fararen ɗigo tas, baki kamar na inji. Da ace tun farko na san wannan, ko da yake a bango sai in shafe bangon gaba ɗaya da ruwan ɗorawa tukuna, a'a bar shi.

Ragowar sitikun masu kala-kala kuma 'yata ta gani ta maƙale, "Mama nima zan yi." Sai na tuna da Yayoi Kusama, 'yar Japan ɗin nan da aka haifa a 1929 wadda duk rayuwarta ɗigo take zanawa. Tana da wani aiki da aka fara nunawa a Birisben ta Ostireliya a 2002, ɗaki ne komai fari har kujeru, duk wanda ya shiga a bashi sitika ya manna inda yaga dama har farin ya ɓace. Na ba yarinyar farin kwali ɗaya da sitika nace naki ne. Ba awo ba zare ba lissafi, ta manna wasu akan wasu, manya da ƙanana, gefe ɗaya cunkus ɗaya gefen uku kacal. Kuma abin haushi yayi kyau. Na jima ina tunanin me yasa nata ya yi, nawa na ranar 5 ga Janairu ya zama ƙyanda. Inaga don nawa yana ƙoƙarin jeruwa ne ya kasa, ido yana ganin layin da aka nufa yana ganin inda aka kauce, nata kuwa ba layin da ta yi alkawari balle a kamata da saɓawa.

An kama ta tana nufar bangona da jar sitika a hannu. An yi sulhu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na wanke ƙyallen gwajin labulen sau biyu da ruwan sanyi in ga ko fentin zai tsaya. Wanda na goge da dutsen guga yana nan daram, wanda na bari ba guga da gangan ya fara dusashewa a wanki na biyu. Tukwane sati huɗu ana ban ruwa ba kumburi.

Hular fitila na fara yau. Takarda ce mai kauri, so nake in huda ta haske ya dinga fitowa ɗigo-ɗigo. Abin huda takarda na ofis raminsa milimita 6 ne daidai yadda nake so, amma bakinsa gajere ne baya wuce gefe, sai na koma ƙarfen huda bel da guduma da katako a ƙasa. Na canza ƙwan zuwa LED tunda takarda ce, bana son mai zafi kusa da ita. Na huda layi uku na kunna da daddare in gani, ɗigon hasken suka watsu a silin gwanin sha'awa, amma waɗanda suka sauka akan bangon ɗorawa sun hau kan nawa sun rikita jerin gaba ɗaya, maganar Umma ta dawo. Zan toshe ramukan gefen bangon da takarda ta ciki in bar na gefen ƙofa da sama, in gani ko zai yiwu.

Saura bakin labule ban kalmashe ba, kwali ɗaya ba murfi, kuma ɗazu da rana ta haska ta gefe na hango ɗigon nan na layi na huɗu da na shafe na sake, inuwar tsohon tana leƙowa ta ƙarƙashin farin. Sai na ƙara masa shafi ɗaya ranar Laraba in Allah ya kaimu.